Kwadon da Kowane Mabuɗi Ke Buɗewa

Ranar wata Talata ta watan Nuwamban bara, wata uwa ta shigo lakwal tana haki, mayafinta a hannu. Ko sallama ba ta yi ba a ƙofar ajina, ido kawai take rabawa cikin layukan tebura. Da ta hango ɗanta zaune yana kwafar darasi daga allo, sai ƙafafunta suka kasa ɗaukarta, ta zube nan bakin ƙofa.

Wani ne ya kira ta da hantsi. Ya ce daga gidan likita yake, ɗan kabu-kabu ya kaɗe yaronta a hanyar lakwal, an kawo shi jina-jina, a aiko jaka goma sha biyar yanzu-yanzu kafin a taɓa shi. Ya faɗi sunan yaron, ya faɗi ajinsa, ya faɗi sunan malaminsa, wato ni. Matar nan ƙosai take tuya, mijinta ya rasu. Ta ranto kuɗin wurin maƙwabta ta aika, ta ruga gidan likita, aka ce ba a kawo wani yaro ba.

Bayan ta sha ruwa hankalinta ya dawo, sai ta ce mani: "Mushe, kuma fa sunan takarda ya kira. Ni kaina sai da na ɗan yi tunani kafin in gane wa yake nufi."

Nan gabana ya faɗi. A gida da unguwa da laƙabi ake kiran yaron nan. Sunan da ke kan takardar haihuwarsa babu mai amfani da shi sai rajistar lakwal. Ni kuwa kwana tara kafin nan na manta ƴar kile ɗina ta USB a wani shagon buga takardu, da na koma aka ce ba a gan ta ba. A cikinta akwai sunayen yara 74 na ajina, da ranakun haihuwarsu, da lambobin wayar iyayensu, da makinsu. Akwai kuma wani layi na ƙarshe da na ƙara da kaina, inda nake rubuta maraya, mai sikila, mai farfaɗiya, wadda iyayenta suka rabu. Don in san yadda zan tafiyar da kowane yaro na rubuta shi. Ga macuci kuwa, layin nan shi ne ke nuna masa gidan da ya fi sauƙin shiga.

Ban faɗa mata ba a ranar. Darakta na faɗa wa, shi kuma ya tuna mani cewa tun 2017 ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane, har da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma rajistar aji ba ta fita daga cikin abin da dokar ke nufi ba. Mu malamai muka haɗa wa matar kuɗinta. Kuɗi sun dawo, amma jerin sunayen yana can hannun wanda ban sani ba.

Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, na ƙudura cewa ba zan sake yawo da bayanan ƴaƴan mutane a buɗe ba. A nan ne girman kai ya shigo. A lakwal ɗinmu ni ake kira in kwamfuta ta ƙi tashi, kuma shekaru kaɗan da suka wuce na koya wa kaina ɗan abin da ba a rasa ba na harshen C daga littattafan ɗan yayata mai karatu a jami'ar Yamai. Ina da wata ƴar tsohuwar kwamfuta ta hannu, ƙwaƙwalwar aikinta giga 1 ce tak, shi ya sa mani Linux irin na Debian a ciki. Sai na ce ni zan rubuta manhajar kulle fayil da hannuna.

Tunanina na farko zaurance ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san yadda muke cusa gaɓoɓi cikin kalma ko mu juya ta don kada manya su gane. Na ce zan sa kwamfuta ta musanya kowane harafi da wani, bisa tsarin da ni kaɗai na sani. Na kira yaron na faɗa masa ina jin daɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Kawu, don Allah kar ka fara." Ya ce tun ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta yadda ake fasa irin wannan a Bagadaza: ka ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa cikin ɓoyayyen rubutu, ka kwatanta da wanda ya fi yawa a harshen. Na dubi rajistata. Sunayen Hausa, kowane ɗaya cike da "a". Ɗan aji shida mai haƙuri zai warware shi kafin a tashi tara. Ya ce in har sai na rubuta da kaina, to in ɗauki kwado daga wurin maƙeran da suka iya, in tsaya ga haɗa ƙofa kawai. Ya aiko mani suna ɗaya: libsodium.

Bari in yi bayani don abokan aikin da ba su taɓa shiga wannan daji ba. Libsodium ba manhaja ba ce da za ka danna ta buɗe. Rumbu ne na kayan aiki da aka riga aka ƙera, mai rubuta manhaja yana zuwa ya ɗebi abin da yake so: wannan na kullewa, wannan na buɗewa, wannan na mayar da kalmar sirri mabuɗi. Asalinsa wani rumbu ne mai suna NaCl, aikin masana uku, Daniel Bernstein da Tanja Lange da Peter Schwabe. Malaman kimiyya za su gane wasan da ke cikin sunan, don NaCl shi ne gishiri. A 2013 wani Bafaranshe, Frank Denis, ya ɗauki aikin ya sauƙaƙa gina shi a kan kowace irin kwamfuta, ya sa masa sunan sodiyom, ɗaya daga cikin sinadarai biyu na gishirin. Kyauta ne, kuma asalin rubutunsa a buɗe yake ga duk mai son karantawa.

Wannan buɗewar ce ta fara damuna. Ta yaya kwadon da kowa ya san cikinsa zai tsare kaya? Amsar ta girmi kwamfuta. A 1883 wani ɗan asalin ƙasar Holan, Auguste Kerckhoffs, wanda malamin koyar da harsuna ne a Faransa, ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo dole ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san yadda yake aiki, matuƙar bai riƙe mabuɗin ba. Da na yi tunani sai na ga ai haka muke rayuwa. Kwadon da ke ƙofar ajina, babu mai gyaran makulli a kasuwa da bai san yadda aka ƙera shi ba. Abin da na rataya a aljihu shi ne mabuɗi. Kuma kwadon da dubban maƙera suka jujjuya suna neman aibinsa ya fi wanda na ƙera ni kaɗai cikin ɗaki ina yabon kaina.

Na sa forfe a waya, na jona ta da kwamfuta, na sauko da asalin rubutun. Takardar bayani ta ce matakai kaɗan ne: ka buga configure ya duba kwamfutarka, ka buga make ya gina, ka buga make check ya jarraba, ka buga make install ya ajiye a mazauninsa. Na ce kafin la'asar na gama.

Layi kaɗan configure ya rubuta ya tsaya. Na sake bugawa, ya sake tsayawa a wuri guda. Na share komai na sake saukowa, kuɗin forfe suna tafiya. Sau uku. Saƙon da Ingilishi yake, ni kuwa ɗan lakwal ɗin Faransanci ne, idona yana ganin kalmar error sai ya tsallake sauran. Sai da dare na zauna da ƙamus na bi shi kalma-kalma. Cewa yake fayil ɗin da ya ƙirƙira yanzu ya girmi waɗanda na sauko da su, kuma ya rufe da umarni ƙarara: Check your system clock. Duba agogonka. Na duba. Kwamfutata tana zaune a watan Janairun 2010. Ƴar batir ɗin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogo in an kashe na'ura ta mutu tun tuni, ban taɓa kula ba, don ban taɓa buƙatar kwamfuta ta faɗa mani kwanan wata ba.

Na gyara agogo da hannu, configure ya wuce wurin, ya sake tsayawa gaba kaɗan: bai sami tafinta ba. Rubutun C da mutum ke karantawa sai an fassara shi zuwa harshen na'ura, kuma manhajar da ke wannan tafintanci ba ta cikin kwamfutar, don a wata kwamfutar na yi koyona na baya. Wannan karon na karanta saƙon tun farko, na sauko da ƙunshin da ake kira build-essential, aka wuce.

Gini ya kama. Layuka suna ta gudu a baƙin allo, ina zaune cikin sanyin hunturu da shayi ina kallo kamar mai gadin tukunya. Sai kuran ya ɗauke. Babbar batir ɗin kwamfutar ma ba ta riƙe wuta, don haka ɗif ta mutu. Da wuta ta dawo na buga make, ina sa ran ya ci gaba daga inda ya tsaya, don haka aka tsara shi: yana duba lokacin da ke kan kowane fayil ya gane abin da aka gama da abin da ya rage. To amma agogo ya sake komawa 2010, sai ya ga fayilolin da ya gina ɗazu suna ɗauke da kwanan watan da bai zo ba, ya shiga kukan cewa agogo ya karkace. Washegari na kai kwamfutar wurin mai gyara, ya buɗe cikinta ya sa sabuwar ƴar batir. Abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba ya cinye mani kwana biyu.

Matakin make check ne ya fi burge ni, wataƙila don ni malami ne. Rumbun yana zuwa da jarrabawarsa. Yana ba kowane kayan aiki tambayar da aka riga aka san amsarta, ya kwatanta, ya rubuta PASS ko FAIL. Gomman gwaje-gwaje, a kan ƴar kwamfutata sun ɗau lokaci, amma duk suka ci. Na riƙe wannan a rai daga baya: rumbun lafiyarsa lau, an gwada shi a gabana. Duk abin da ya biyo baya nawa ne.

Sauran tuntuɓe biyu na ginin ba su daɗe ba. Na rubuta ƴar manhajata, tafinta ya ce bai san wani abu mai suna sodium_init ba, ashe sai ka ƙara masa -lsodium a ƙarshen umarni ya san rumbun da zai leƙa. Na ƙara, ta ginu, na tashe ta, ta ce ba ta ga rumbun ba, alhali ga shi can cikin /usr/local/lib ina kallonsa. Linux yana da rajistar wuraren da rumbuna suke, kuma sabon zuwa ba ya shiga sai ka buga ldconfig. Kamar yaron da ke zaune cikin aji amma ba a rubuta sunansa ba, ranar jarrabawa a ce babu shi.

Daga nan aikin ya koma na amfani, kuma a nan ne na kusa cutar da kaina. Kayan kullewar da na ɗauka sunansa secretbox. Abu uku yake karɓa: rubutun, da mabuɗi mai tsawon bayit 32, da wata lamba mai bayit 24 da ba a maimaita ta sau biyu da mabuɗi ɗaya. Na kulle fayil na gwaji, na buɗe shi da idona na ga tarkacen alamomi marasa ma'ana, na ji daɗi. Na zo buɗewa, ya ƙi. Lambar sau-ɗaya ɗin nan, na sa kwamfuta ta zaɓo ta da ka, na yi amfani da ita, na jefar. Ashe ana buƙatarta wurin buɗewa. Ba sirri ba ce, a gaban fayil ɗin ake manna ta a fili. Na gyara, fayil ya kulle ya buɗe. Na kuma gwada wani abu da na karanta: na canza harafi ɗaya tak cikin kullallen fayil. Ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Akwatin yana ɗauke da hatimi na bayit 16 da ke tona duk wani taɓi. Duk malamin da aka taɓa yi wa gyaran maki a bayan idonsa ya san darajar wannan.

Saura mabuɗi. Ba mai iya haddace bayit 32 na lambobi barkatai, don haka ana ɗaukar kalmar sirri a niƙa ta ta zama mabuɗi. Injin niƙan da libsodium ke amfani da shi sunansa Argon2, wanda ya ci wata gasar masana a 2015. Da gangan aka yi shi mai nauyi. Yana cin lokaci, yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ɓarawon da ke son gwada kalmomi miliyan ya biya wannan wahalar a kan kowace ɗaya. Rumbun ya tanadi matakai uku na ƙwaƙwalwa: mega 64, mega 256, da giga 1. Na ce bayanan marayu ne, ba zan yi rowa ba, na zaɓi mafi girma.

Komai ya tafi daidai. Har na lura niƙan da aka ce yana da nauyi, a wurina ƙiftawar ido ne, na ce lallai tsohuwar nan da sauran ƙarfinta. Na kulle rajistar aji, da makin zangon farko, na share na asali. Kwana huɗu ina tafiya da ƙafar alfahari.

Ranar Juma'a da yamma na kira ƴata, shekararta goma sha ɗaya, don in nuna mata aikin ubanta. Na ce: "Zo ki buɗe wannan in kin isa." Ta zauna, ta yi ɗan tunani, ta buga "shinkafa" da yatsa ɗaya.

Sunayen yara 74 suka bazu a kan allo.

"Baba, na ci?"

Na ture ta gefe na buga "wake". Ya buɗe. Na buga harafi ɗaya. Ya buɗe. Uwarta daga kicin tana tambayar abin da ya sa na yi shiru, ita kuma yarinyar tana ta tsalle tana cewa a ba ta tukuici.

Har tsakar dare ina nema. Na sa manhajar ta buga mani mabuɗin da take samarwa, in gan shi da idona. Sifili ne, sau 32, ko wace kalma na ba ta. Abin da ya faru shi ne, na nemi Argon2 ya yi aiki da giga 1 a kan kwamfutar da duk abin da ta mallaka bai cika giga 1 ba bayan tsarin ya ɗebi rabonsa. Ya nemi wuri, aka hana shi, ya dawo ya ce ya kasa. Yadda yake faɗin haka shi ne ya miƙo lamba: sifili in ya yi nasara, -1 in ya kasa. Ni kuwa ban rubuta layin da zai dubi wannan amsa ba. Na aiki yaro niƙa, ya dawo da kwano wayam yana ce mani injin bai tashi ba, na karɓi kwanon ban dube shi ba na juye cikin tukunya. Saurin da na yaba wa kwamfutar, saurin wanda bai yi aikin ba ne.

Abin da ya fi ci mani rai, an gargaɗe ni. Masu rumbun sun san mutane irina, sun sa wa wannan kayan aiki alama ta yadda tafinta zai yi magana in aka yi watsi da amsarsa. Duk lokacin da na gina manhajar, gargaɗin yana fitowa: ignoring return value. Na gan shi ya fi sau ashirin. Tunda gargaɗi ne kawai, bai hana ginin kammaluwa ba, sai na ɗauke shi surutu. Shekara ashirin ke nan tun fitowata daga makarantar horar da malamai ina ce wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su ɗauki biro, har jan kunne na yi a kan haka.

Da na ba ɗan yayata labari, bayan ya gama dariyarsa, sai ya ce in kwantar da hankali, manya ma sun faɗa irin wannan rami. A 2006 wani mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya cire wasu layuka don ya kashe ƙorafin da wata manhajar bincike ke yi a kansu. Ashe layukan nan su ne ke zuba yawancin barkatancin da ake ƙera mabuɗai da shi. Komai ya ci gaba da aiki, ba abin da ya tsaya, ba wanda ya ga alama, har watan Mayun 2008 da wani ɗan Ajantina, Luciano Bello, ya gano cewa mabuɗan da ake samarwa na kowane iri ba su wuce kimanin 32,000 ba, adadin da kwamfuta ke gwadawa duka ba tare da gumi ba. Ban ji sanyi da labarin ba sosai, amma ya nuna mani halin wannan fanni. In injin markaɗe ya lalace, za ka ji a kunnenka. Kwadon rubutu in ya lalace, fayil ɗin yana nan da kamanninsa na tarkace, yana kullewa yana buɗewa, sai ranar da wani ya zo da mabuɗin da ba naka ba.

Na sauko zuwa mega 64, na rubuta layi uku da ke tsayar da komai in niƙa ya kasa. Yanzu kalmar banza ba ta buɗewa. Sai dai kalmar gaskiya ma ba ta buɗewa. Allura ta tono garma. Argon2 yana haɗa kalmar sirri da wasu bayit 16 na barkatai, waɗanda masu fannin ke kira gishiri, don kada mutum biyu masu kalma ɗaya su sami mabuɗi ɗaya. Ni kuwa sabon gishiri nake zubawa kowane lokaci ba na ajiyewa, kuskuren nan dai da na yi da lambar sau-ɗaya. Kuskuren sifili ne ya rufe shi, don mabuɗin sifili bai damu da gishiri ba. Na manna shi a gaban fayil shi ma. Gishiri 16, lamba 24, hatimi 16: kowane kullallen fayil ya fi na asali da bayit 56, na ƙirga na ga daidai. Rajistar da na kulle cikin kwanakin nan huɗu kuwa, sai da na koma ga gurguwar manhajar na buɗe ta da "shinkafa", sannan na sake kulle ta da sabuwa. Allah ya sa ban share tsohuwar ba.

Yaron ya zo gida kafin a koma karatu. Ya dubi aikin, ya ce yanzu ya yi. Sannan ya buga layi ɗaya ya nuna mani cewa Debian na da libsodium ginanne, ana sauko da shi cikin minti guda, duk wahalar configure da make ban buƙace ta ba. Bai tsaya nan ba. Ya buga gpg -c da sunan fayil, kwamfutar ta nemi kalmar sirri, ta kulle shi. Manhajar GnuPG ce, wadda Bajamushe Werner Koch ya fara a 1997, tana zaune cikin kwamfutata tun ranar da aka sa mata Linux.

"Kawu, tambaya ɗaya. In aka yi maka canjin wurin aiki, ko ka kwanta rashin lafiya, wa zai buɗe wa darakta rajistar nan?"

Babu. Manhajata a kwamfuta ɗaya take aiki a duk duniya, kwamfutar da ke mutuwa in kuran ya ɗauke. Na ajiye ta. Ban yi nadamar makon da na kashe ba, don da ban ga mabuɗin sifili da idona ba, da har yau ina ɗaukar duk abin da ya nemi kalmar sirri a matsayin kullalle. Amma ba zan ba wani malami shawarar ya bi hanyata ba. Abokan aikina duk Windows gare su, sai muka tsaya a kan 7-Zip, ita ma buɗaɗɗiya ce kuma kyauta, tana kullewa da AES-256, kuma in ka zaɓi tsarinta na 7z tana iya ɓoye har sunayen fayiloli. Abu na farko da nake sa kowa ya yi bayan ya kulle shi ne ya gwada buɗewa da kalmar da ba ita ba. Kalmar sirrin kuma ba sunan ɗa ko shekarar haihuwa ba, kalmomi biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna. Tamu na rubuta a takarda, na sa cikin ambulan na liƙe, tana cikin akwatin darakta.

Akwai ramin da babu rumbun da ke toshe shi, kuma shi ne ainihin wanda na faɗa tun farko. In za ka buga takarda a shago, dole ka buɗe fayil a kan kwamfutar mai shago, kuma kwafi na iya zama can bayan tafiyarka. Yanzu abin da zan buga daban nake fitar da shi, suna da maki kawai, ba lambar waya. Layin nan na marayu da marasa lafiya na cire shi daga kwamfuta ɗungurungum, ya koma wani ƙaramin kaye da ba ya barin gidana. A taron iyayen yara kuma mun yi magana a fili: duk wanda aka kira aka ce ɗansa ya yi hatsari, ya kira malamin aji ko darakta kafin ya aika ko dala. Mun rubuta lambobinmu a bangon farko na kayen kowane yaro.

Ko wata ba a yi da wannan ba, wani abokin aiki ya ɗauki hoton jerin ajinsa, da lambobin iyaye, ya jefa cikin zauren WhatsApp na malaman yankinmu, don wani ya tambaye shi yadda yake tsara nasa. Na kira shi. Ya ce ai an ce WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne, saƙon a kulle yake tafiya, amma a buɗe yake sauka cikin wayar kowane ɗan zaure, kuma wayoyin nan ƴaƴa da ƙanne suna wasa da su. Ya share, bayan mutum goma sha tara sun gani.

Mai ƙosai kuwa sai cikin Janairu na iya tsayawa gabanta. Na same ta da safe tana kwashe tuya, na faɗa mata cewa sunan takardar nan daga wurina ya fita, kile ɗina ce ta ɓata, kuma tun ranar na sani. Ta juya ƙosai ba ta dube ni ba.

"To Mushe, yanzu lambar tawa tana ina?"

Na ce tana wurin wanda ya kira ta, da duk wanda ya ba. Ta ce ai ta canza layi tun makon da abin ya faru. Na ciro biro in rubuta sabuwar, ta ce in bari, in ina nemanta na san inda take tuya. A rajistata gurbin lambarta fari ne har yau. Ranar da yaron ya yi zazzaɓi cikin aji a watan Maris, da ƙafa na je na faɗa mata.